Ni Na Ƙona Gashina, Iya Mai Kitso Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ku ɓoye sunana, ba don na cancanci a rufa mini asiri ba, sai don ƴaƴana. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, sakatariya ce ni a wani biro, wato ofis, a nan Damagaram, da aurena da ƴaƴa biyu, maigidana ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya. Idan na tuna matar da nake a wancan lokacin, wallahi tsaki nake ja. Don na iya buga takarda a na'ura kuma ina jefa Faransanci cikin magana, sai nake ganin duk matan layinmu a unguwar Birni ba su kai su ɗauki takalmina ba. Ina tafe ina ɗaga hanci, gaisuwa ma sai na zaɓi wadda zan amsa wa. Abu ɗaya nake da shi da ya isa a yi fahari da shi, shi ne gashi, baƙi wuluk, mai cika, har gadon baya. Shi ɗin ma ba dabarata ba ce, kyautar Allah ce da kuma hannun wata tsohuwa.

Tsohuwar nan makitsiyar layinmu ce, kowa Iya yake ce mata. Ita ta yi wa mahaifiyata kitson aure, ita ta fara kama kaina tun ina shekara uku ina ihu ana danne ni. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana noma a Tirmini, kitson nan shi ne cinta shi ne suturarta. Tana da tsarinta wanda ba ta sakewa don kowa. Da yatsu take tsifa, ba ta sa mataji sai gashi ya sha man shanu, kuma idan ta wanke miki kai da karkashi sai kin ji kamar an sauke miki kaya. Duk silin da ya zube kuwa sai ta tattara, ta murza shi a tafin hannu, ta damƙa miki ki je ki binne, don kowa ya san ba a barin gashin mutum yana yawo a ƙasa. Idan kin manta, ita za ta binne miki a gindin katangarta. Shekara da shekaru haka take yi, ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

Sai aka kawo mana wata sabuwar ma'aikaciya daga Yamai. Gashinta launin zuma, kullum tana ture kallabi baya don a gani. Rana ta uku da zuwanta ta matso kusa da teburina, ta yatsina fuska, ta tambaya da ƙarfi wai wa ya shigo da man shanu cikin biro. Aka yi dariya. Wannan ƴar maganar, ta bakin matar da daga baya na gano gashin da take taƙama da shi ma na saye ne, ita ce ta juya mini hankali. Ni mai ji da kaina, a ce ina warin ƙauye? Maimakon in watsa mata amsa, sai na zama ƴar korenta. Ita ta kai ni salon ɗin wata yarinya da ta yi wata uku a Kwatano ta dawo ta rataya wata takarda a bango, wai ita ƙwararriya. Yarinyar ta tsefe ni, ta kama baki, ta ce wai Madam wannan gashi haka an bar shi a hannun tsofaffi, ai an cuce shi. Na ji daɗi har cikin raina, sakarya kawai.

A rana ɗaya ta yi mini abu biyu da ko mahaukaci ba zai haɗa ba: ta shafa man miƙar da gashi, wanda suke ce wa defrizan, sannan ta bi shi da maganin da ke cinye baƙin gashi don launi ya hau. Ga kuma abin da har yau nake jin haushinsa. Duk wanda aka haifa a garin nan ya san famfo ba abin yarda ba ne, ko tuwo za ki ɗora sai kin fara duba randa. Ita ƙwararriyar tamu ba ta tara ko bokiti ɗaya cikakke ba. Tana gama lafta mini maganin, ta murɗa famfo, sai iska. Ta fita bakin ƙofa tana ƙwala wa mai garuwa kira, ni kuwa ina zaune fatar kaina tana ci kamar an zuba barkono. Da na ce mata ina jin zafi, sai ta ce wai zafin nan shi ne alamar yana aiki, in daure. Da ruwan leda ta ɗauraye ni, ɗaurayar jeka-na-yi-ka, ta tura kaina cikin na'urar busarwa mai zafi. Na fito gashi ya kwanta luf, ja-ja mai ƙyalli, ina ta murmushi a madubi. Kuma wa zai gani? Ni da kullum kaina a rufe yake, sai dai a gidan biki in yi kamar kallabina ya zame.

Ko wata ɗaya ba a yi ba ƙyallin ya tafi. Gashi ya bushe ƙamas, ya tashi buzu-buzu, idan na taɓa sai in ji kamar soson wanka. In na sa mataji sai in ji yana karyewa ƙas-ƙas. Na koma salon, yarinyar ta ce wai bai sha magani sosai ba ne, ta ƙara mini. Da na ji maigidana ya kusa dawowa daga tafiya, na sayi baƙin rini na ɗan kwali a kasuwa na shafe jan da kaina. Daga nan sai basirata ta motsa. Na zauna na yi lissafi irin na masu ilimi: kanwa tana sa wake ya yi laushi, tana sa nama mai tauri ya nuna, to me zai hana ta tausasa gashi? Na jiƙa kanwa a kwano, na tsoma kaina ciki, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, in gama in wanke da ruwan zafi da sabulun wanki don kada maiƙo ya zauna. Kai jama'a! Mace mai takardar lise, wadda ta gama sakandare, a ɗaki, tana dafa gashinta kamar wake. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana, shi dai ya ga na daina cire ɗankwali a gabansa.

Wata huɗu ban taka gidan Iya ba, sai da sunan ɗan ƙanwar maigidana ya matso na ga ba mai iya kama wannan kan sai ita. Na je ina taƙama da rinina, ina ganin ba za ta gane ba. Tana ɗora hannu ta tsaya. Ta tambaye ni a hankali, ƴar nan me kika sa wa kanki. Na ce ba komai, zazzaɓi na yi. Ba ta ƙaryata ni ba, ta ce dai gashin nan ya mutu tun daga tsakiya har baki, ba zai ɗauki kitso ba, in bari ta datse mataccen, ta shafe sauran da mai, ta kama mini manya guda huɗu sako-sako ya huta. Na ce mata kitso na zo ba wa'azi ba, kuma ƙanana nake so, irin waɗanda ake yayi. Ta ce za su cire gashin. Na ce kaina ne ko nata. Haka ta yi mini, tana yi tana girgiza kai, duk inda ta sassauta sai na ce ta ja da kyau. Gashin da ya zube ranar ya cika tafin hannunta. Ta miƙo mini kamar kullum, na ce ta jefar, sauri nake. Sai ta ƙulle shi a bakin zanenta don ta binne in ta tashi, wata maƙwabciyata da ke jiran layi tana kallo.

Kwana goma bayan suna na zauna tsifa a tsakar gida, wata ƙanwar maigidana, ba mai jegon ba, tana taya ni, maƙwabciyar nan ta shigo aron turmi. Ƙanwar maigidana ta kama kitso ɗaya za ta warware, sai ya biyo hannunta gaba ɗaya. Ta yi salati ta jefar. Na biyu ma haka, na uku haka. Kafin a gama, gaban kaina ya zama fili, tsakiya kuma tabo-tabo duk ƙuraje. Suka hau tambaya wa ya yi wannan kitso. Na ce Iya. Nan take maƙwabciyar ta dafe ƙirji ta ce ai kuwa da idonta ta ga tsohuwar ta ƙulle gashina a bakin zane. Suka juyo suna kallona. To a nan ne, masu karatu, nake so ku tsaya. Na san defrizan, na san rini, na san kanwa, kwanon da nake jiƙa ta ma yana kife a bayan randa, taku uku daga inda muke zaune. Kalma ɗaya ta isa. Amma in buɗe baki in ce ni Madam sakatariya na tsoma kaina a ruwan kanwa? Sai na sunkuyar da kai na ce ni ma abin ya ba ni mamaki.

Da ma a nan na tsaya. Washegari ƙaryar ta yi mini daɗin baki, na ƙara mata gishiri, na ce tun da na koma salon tsohuwar take jin haushina, har ta taɓa ce mini zan gani. Ba ta taɓa faɗa ba. Na yafa mayafi na tafi gidanta, na same ta da mata uku, ɗaya kanta a cinyarta an kai rabi. Na fizge ɗankwalina na nuna musu, na ce ta fito mini da gashina duk inda ta kai shi. Na kira ta da sunayen da ba zan iya rubutawa a nan ba, matar da ta goya ni ranar da mahaifiyata take naƙudar ƙanena. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƴar nan ki ji tsoron Allah, ga shi can gindin katanga na binne, zo in tone miki ki gani. Na ce ta tone wa wanda bai san halinta ba. Matar da ake yi wa kitso ta ɗaga kanta daga cinyar Iya, ta ɗaura kallabi a kan rabin kitson, ta sa takalmi ta fita. Sauran biyun suka bi bayanta. Mahaifiyata ta riga ta rasu shekara biyu kafin nan, da tana raye da a gaban mutanen za ta wanke ni da mari.

Matan layinmu kuwa, tir! Na raina kaina, amma su ma ban ga abin girmamawa a wurinsu ba. Kafin la'asar kowace ta tuno nata. Wannan ta ce shi ya sa ciwon kai ba ya barin ta. Waccan ta ce tun da Iya ta yi mata kitso mijinta ya canza mata. Wata har faɗuwar ƴarta a jarrabawar lakwal, wato makarantar boko, ta ɗora wa tsohuwa. Matan da tun haihuwarsu gashinsu bai taɓa kai wa kunne ba suka ce ai ita ta cinye shi. Waɗannan fa su ne suka shekara ashirin suna baje kai a cinyarta, suna zuba mata sirrin ɗakunansu, ba ta taɓa fitar da ko ɗaya ba. Cikin wata biyu ba mai taka ƙofarta. Ta gwada soya gyaɗa tana ajiyewa a bakin zaure, ba mai saye, wai wa zai ci abin hannunta. Ni kuma gwaggona ta ja ni wurin malam aka yi mini rubutu na karya sammu, na karɓa da hannu biyu na shanye ina sane da cewa ba abin da za a karya. Ƙarshe ɗanta ya zo daga Tirmini ya kwashe ƴan komatsanta ya tafi da ita. Ta tagar ɗakina na ga fitarsu, ban fito ba.

Ƙurajen kaina suka ƙi warkewa, har suna ruwa, dole na tafi gidan likita. Ma'aikaciyar jinyar da na tarar wata Kirista ce da muka yi lakwal tare tun muna ƙanana. Ta duba kan, ta tambaye ni wane magani na shafa kuma sau nawa. Na gyara zama na fara ba ta labarin tsohuwa da ƙullin bakin zane. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta ce wannan ƙunar magani ce, ba yau ta fara ganin irinta ba, kuma ita a aikinta ba ta taɓa ganin sammun da ke warin defrizan ba. Ta ƙara da cewa Iya ce ta yi mata kitson aurenta na coci, ita da ƴan uwanta mata duka, ga gashinsu nan a kansu. Ta rubuta mini abin da zan saya a farmasi, ta ce fatar kai za ta warke in Allah ya so, ɗayan ciwon kuwa ba su da maganinsa a nan. Ba ta gaya mini abin da ban sani ba, ita ce dai ta farko da ta kalli tsabar idona ta faɗa. Na fito ina jin haushinta, har na yi niyyar daina gaishe ta.

Abin da ta ce in yi wa gashin kuwa, shi ne abin da Iya ta faɗa mini kyauta ranar da na ce ba wa'azi na zo ba. Na sa almakashi na datse duk mataccen, don gashin da magani ya cinye ba ya dawowa ko kin shafa masa man duniya. Na daina wanke shi kowane kwana biyu, na daina ruwan zafi da sabulun wanki, na koma karkashi da ruwa mai ɗumi kaɗan. Na koyi cewa mai a kan busasshen gashi ɓarna ce, sai yana da danshi ake shafa man shanu ko man kaɗanya don ya riƙe ruwan. Na ajiye ƙaramin mataji, da yatsu nake warwarewa daga baki zuwa tushe. Kitso manya, sako-sako, ba ja. A hankali ya tsiro, ya yi laushi, ya yi baƙi, ban da gaban goshi inda har yau babu ko sili. Gashi ya dawo cikin shekara guda, amma ni sai da na ƙara wata shekarar kafin na iya ɗaga ƙafa zuwa Tirmini.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta rame, ta yi ƙanƙanta. Ta yi mini lale, ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na faɗa mata komai, har kanwar. Ta ce ai ta sani tun ranar da ta ɗora hannu, ta yi shiru ne don ta ɗauka kunya ce irin ta yara, za ta wuce. Ta ce ta yafe, albarkacin mahaifiyata. Sannan ta gaya mini, ba da fushi ba, cewa labarin ya riga ta isowa ƙauyen, wata mai kai kaya kasuwa ce ta kawo shi, har jikokinta mata ma gidan wata ake kai su kitso, don surukarta ba ta yarda ta taɓa kansu ba. Na cire ɗankwali na ce to ta yi mini yanzu, a nan, kowa ya gani. Ta leƙo daga inda take zaune ta ce ya yi kyau, amma ƙeya tana son ƙarin mai, kuma in daina kwana da kallabi mai kaushi. Hannuwanta suna cikin ƙwaryar gyaɗa, ba ta fitar da su ba. Na matsa kusa na sunkuyar da kai. Ta ce a'a ƴar nan, ta gama da kan mutane, in gobe kaina ya yi ciwo me za a ce.

Na dawo Damagaram na bi gidajen layinmu ɗaya ɗaya ina faɗin gaskiya. Ku ji abin da na samu. Wata ta ce Allah sarki, zuciyata ce mai kyau, ina son in rufa wa tsohuwa asiri. Wata ta ce ai zuwana Tirmini ne, an ba ni ruwa na sha, shi ya sa bakina ya juya. Maƙwabciyata ta ce ita dai abin da idonta ya gani ba mai goge mata shi. Ranar da na yi ƙarya, kafin la'asar ƙaryar ta kai har unguwar Zango. Gaskiyar kuwa na yi sati ina yawo da ita a ƙafa, ba wadda ta ɗauka ta kai ko gidan da ke kusa, don ba ta da daɗin ba da labari.

Kwanan baya a wani gidan biki, wata matashiya da ban sani ba ta ga kan ƴata ta yaba, ta ce in yi hankali da tsofaffin makitsa. Ta ce a Birni an taɓa yin wata da ta sace gashin wata ma'aikaciyar biro ta kai wa boka, matar har yanzu kanta ƙwal, an ce ma ta taɓu. Na ce mata ni ce matar, kuma ƙarya ce, ni na ƙona gashina da hannuna. Ta kalli ɗankwalina, ta kalli fuskata, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ja kujerarta gefe.

Ƴan uwana mata, ban ce kada ku yi rini ba, kanku ne. Amma kada ku haɗa shi da defrizan a lokaci ɗaya, ku bar watanni tsakani, kada ku zauna a kujerar wadda ba ta tara ruwa ba, kuma ku bar kanwa a madafa inda Allah ya ajiye ta. In gashi ya bushe ya tashi, haƙuri da danshi da mai yake so, ba ƙarin magani ba. In kuma ya zube, ku fara tambayar kanku me kuka sa masa kafin ku nuna wata da yatsa, don abin kunyar da nake gudu, a ce na yi wauta, da na faɗa da sati ɗaya za a yi ana dariya a manta. Na ƙi ɗaukar dariyar sati ɗaya, na ɗora wa tsohuwa abin da za ta mutu da shi. Iya tana nan da ranta a Tirmini. Shekara shida ke nan ba ta kama kan kowa ba.